Baba Gershon Kumai, Direban da Ke Shiga Gari da Ƙafa

Ƙarfe shida da rabi na safe, in dai ba Lahadi ba ce, Baba Gershon Kumai ya riga ya iso harabar motocin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Yakan jingine tsohon kekensa a jikin katanga, ya gaisa da maigadi har ya tambayi lafiyar ƙafarsa mai ciwo, sannan ya nufi motar da aka ba shi ranar. Ba ya shiga kai tsaye. Sai ya zagaya ta yana bubbuga tayoyi da ƙafa, ya buɗe gabanta ya zaro sandar gwajin baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsunsa kamar mace mai duba laushin gari. Daga nan ya cire hula, ya ɗora hannu a kan sitiyari ya yi addu'a, gajera ƙwarai, don shi ba mai dogon zance ba ne ko da Ubangiji yake magana. In ka zo bakwai da minti biyar, za ka same shi zaune a ciki ya kafa maka ido ta gilashi. Ba zai ce ka makara ba, amma da kallon nan gara ma ya faɗa.

Haka ya yi shekara ashirin da tara yana tuƙa ma'aikatan ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje a lungunan kudancin Kaduna, sai ƙarshen watan Satumba ya ajiye makulli. Ni Hellen, nas ce mai allurar rigakafi, na yi shekara goma sha bakwai a kujerar da ke gefensa da akwatin sanyi a kan cinyata. An yi masa 'yar walimar sallama a ofis, aka sha lemo, aka ba shi agogon bango, aka ce direba ne mai haƙuri, aka watse. Na dawo gida raina bai kwanta ba. Ba wanda ya ambaci ƙauyen nan da aka yi shirin soke sunansa daga jerin waɗanda ake kai wa allura, balle abin da Baba ya yi a kan maganar a watansa na ƙarshe. Shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in ɗan koma baya saboda yaran yanzu. A da kowace ƙungiya da motocinta, da garejinta, da direbobinta, da tambarinta a jikin ƙofa. Mutanen ƙauye ba su taɓa wahalar da bakinsu da dogayen sunayen ƙungiyoyin nan ba. Tamu motar yara ce, ta masu haƙa rijiyar burtsatse motar ruwa, ta masu iri da taki motar gona, kuma tun daga nesa ake hango tambari a san wadda ta zo. Mu kuwa muna ji da kanmu. Sai ka ga manyan motoci huɗu sun jeru a hanyar Kagoro, duk ƙauye ɗaya za su, kowace da mutum ɗaya tilo a baya ya harɗe yana karanta jarida. Doka ta hana ka ɗauki ma'aikacin wata ƙungiya ko da ruwa yana dukansa a bakin hanya. Ɓarnar mai ce tsagwaronta, na sani, amma ba zan ɓoye ba, ina kewar kwanakin nan. Ina kewar tsayawarmu a Zonkwa muna shan kunu da ƙosai, direbobi suna tsokanar juna a kan motar wa ta fi hawa dutse, kowa ya san fuskar kowa, kowa ya san sunan matar kowa.

Baba Gershon ne kaɗai dokar nan ta ƙi shiga kansa. Sau biyu ana ba shi takardar tuhuma a kanta. A ta farko, ya tarar da wani injiniyan motar ruwa mai suna Gilbert tsaye kusa da Godogodo, motarsu ta lalace, ga bututai a zube, ga hadari ya haɗo. Ya kwashe shi da bututansa har garin da ake jiran rijiyar. Da aka ce ya rubuta dalili, layi ɗaya ya rubuta, kuma Gilbert, wanda yanzu kansa ya yi fari fat, har gobe yana maimaita shi yana dariya: "Hanya ɗaya ne, kujera kuma yana nan ba kowa."

Ba aikinsa ba ne duba katin allura, amma sau da yawa ya fi katin riƙe abu. Ina cikin fama da layin mata sai in ji muryarsa ta bayana: "Sista, wancan mai jan riga ya sha na farko, bai sha na biyu ba. Uwarsa ya tafi biki a Manchok wancan wata." In na duba sai in ga haka ne. Na sha yi masa tsiya cewa da ya yi karatun likita da duk mun rasa aiki. Sai ya ce shi likitan giya da birki ne, kowa ya tsaya a nasa.

Ƙauyen da na ambata ba zan faɗi sunansa ba. Mu dai a ofis Ƙarshen Hanya muke ce masa, domin daga shi sai duwatsu. Gonakin citta ne suka kewaye shi, kuma sai ka haye wata 'yar gada ka yi tafiyar minti ashirin da ƙafa kafin ka ga rufin majami'arsu. Shekara takwas da suka wuce, wata farar mota marar tambari ta shiga garin da rana tsaka, mutanen ciki suka sha ruwa, suka tambayi hanyoyin shiga da fita, suka yi godiya suka tafi. Bayan kwana biyu 'yan bindiga suka faɗa wa garin. Mutum goma sha tara aka binne, cikinsu har da mijin Mama Tamar, shugabar zumuntar mata, da 'ya'yanta maza biyu. Tun daga ranar, da an ji ƙugin injin mota, mata su saɓi yara su yi kan dutse. Ko mu da tambarinmu, da muka je bayan wata huɗu, garin muka tarar wayam.

Kai ne, Baba, ka ce mu juya ba tare da an danna hon ko sau ɗaya ba. Kai ne ka dawo da mu mako na gaba, ka kashe mota tun daga bakin gada, ka ce in zauna in jira. Na ga bayanka kana tafiya kai kaɗai da hula a hannu, kana ɗaga murya kana gaisuwa da harshensu, wanda ba naka ba ne, 'yan kalmomi ne ka tsinta a bakin tsofaffi. Gida gida ka bi kana yi musu gaisuwar rashi. Sai bayan awa guda ka dawo, mata biyar suna biye da kai daga nesa, ka ta da mota ka sa giya ɗaya, muka shiga muna rarrafe suna tafiya a gefenmu. Daga ranar ya zama ƙa'idarka. Kowane wata, ko ana ruwa ko ana rana, a gada kake kashe mota, ka shiga da ƙafa, ka gaisa, sannan ka dawo ka ɗauke mu. Ba wanda ya sa ka, ba kuma wanda ya rubuta shi a wata takarda, kuma nan ne matsalar ta ɓuya.

Shekara biyu da suka wuce kuɗin masu ba da tallafi ya ja baya. Ƙungiyoyi biyar da ke aiki a yankinmu suka zauna suka ce ba dalilin da kowa zai riƙe garejinsa. Aka haɗa motoci ashirin da uku aka rage su zuwa tara, aka tara su a haraba ɗaya, aka kankare tambura duk suka zama farare. Mai son mota ya nema ta waya tun jiya, kwamfuta ta haɗa masu tafiya hanya ɗaya, ta ba su motar da direban da ke sarari. Aka kuma saka wa kowace mota na'urar da ke nuna inda take da tsawon lokacin da ta tsaya. Gaskiya tsarin ya yi amfani. Yanzu ni da mai rijiya da mai taki a mota ɗaya muke tafiya, muna musu a kan wa za a fara saukewa, kuma abin da aka rage a man fetur ya sayi firji biyu na ajiye allura. Baba Gershon ya fi kowa murna. Ranar da aka kira taron bayani ya raɗa mini cewa, "Sista, abin da aka kusa kore ni a kai, yau an ɗauko mutum daga Abuja ya koya mana."

Sai dai kwamfuta ba ta san Ƙarshen Hanya ba. A wurinta kowane direba direba ne, kowace gada gada ce. Baba ya gane haka tun da wuri, don haka duk watan da aka sa wani a hanyar sai ya lallaɓa ya yi musaya da shi. Ya yi shekara ɗaya da rabi yana wannan dabara, har ranar da manajan harabar, Christopher, ya kira shi. Christopher yaron kirki ne, ɗan Sabon Tasha, ya yi karatu sosai, kuma shi ma akwai na sama da ke matsa masa. Ina ofishin ranar ina jiran a sa mini hannu, don haka da kunnena na ji.

"Baba, da girmamawa, na'ura ta nuna kai ne na ɗaya wajen tsayawa ba dalili. Awa guda cur a bakin gada, kowane wata. Kuma wannan musayar da kuke yi tana ɓata mana tsari."

"Ba banza nake tsayawa ba, Oga. Gaisuwa nake yi."

"Gaisuwa ta awa guda, Baba?"

"Mutanen suna da yawa."

Christopher ya yi dariya, ya ɗauka raha ce irin ta tsofaffi, ya ce daga yau a daina musaya. Baba ya juya hularsa a hannu, ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, sai ya fasa. Laifinsa ke nan da na sani a duniya, ba ya iya kare kansa da baki. Laifina ya fi nasa, domin ni mai bakin ina zaune na yi shiru, ina ganin ba huruminmu ba ne mu nas-nas.

A watan Yuli kwamfuta ta ba mu wani direba mai suna Rufus. Da muka kusa gada na ce masa ya tsaya, a nan ake kashe mota. Ya nuna mini na'urar da yatsa, ya nuna mini hadarin da ke tasowa, ya ce, "Sista, abin nan yana ƙirga ni, kin ga abin da ya samu Baba. Shekara nawa yanzu, ai sun manta." Ni ma na so in yarda sun manta, sai na ƙyale shi. Farar mota marar tambari ta kutsa cikin garin da gudu. Abin da na gani ba zai fita daga idona ba. Tukwane a kan wuta, turmi da taɓarya a yashe, zani a ƙasa, ga kururuwar mata tana hawa dutse. Na fito ina kiran sunayensu ina cewa ni ce Sista Hellen, ba wadda ta waiwayo. Surukar Mama Tamar ta faɗi a kan dutse da goyo a bayanta ta karya hannu. Muka jira har azahar, muka koma da allurarmu ba a taɓa ko ɗaya ba.

A watan Agusta aka tura wani direban, muka tarar an gindaya gungumen itace a kan gada. Dagaci ya aiko mutum ya ce mana, in ba Gershon ba ne a kan sitiyari, kada mota ta sake hayewa. To a sabon tsari, ƙauyen da aka je sau uku a jere ba a yi aiki ba, cire shi ake yi daga jeri a ba wani gurbinsa, don mota tara ba ta da ranar ɓatawa. Biyu sun tafi, saura ɗaya. Yara sama da arba'in ne allurarsu ta wuce lokaci, ga labarin ƙyanda ana ji a ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su. Shi kuwa wanda suka ce sai shi, kwana talatin suka rage masa a aiki.

A nan zan yaba wa Christopher. Da na je na zayyana masa komai, wanda ya kamata in yi tun tuni, bai tsaya kare kansa ba. Da ƙafarsa ya je ya sami Baba yana wanke mota, ya ce, "Baba, na yi kuskure. Ka kai su wannan watan."

Baba ya matse tsumma, ya ce, "In na kai su wannan wata, wa zai kai su wata na goma? Ka ba hanyar nan direba ɗaya wanda ba a canzawa. Ka rubuta a cikin kwamfuta naka cewa tsayawa a gada aiki ne. Ni zan kai mutumin in nuna shi."

Christopher ya yarda nan take, ya ce Baba ya zaɓi wanda yake so cikin direbobin. Duk mun ɗauka zai ɗauki ɗan majami'a, ko ma wanda yake jin harshen ƙauyen. Sai ya ce Jamiluddeen.

Jamiluddeen magidanci ne mai shekara arba'in da 'yan kai, haifaffen cikin garin Kafanchan, a da direban motar gona ne. Ba na son in yi kwana-kwana a nan. Mutanen Ƙarshen Hanya sun ɗora wa duk wani mai salla laifin abin da aka yi musu. Ban ce daidai ne ba, yadda abin yake nake faɗa. Shekara takwas ko mai sayen citta Musulmi bai haye gadar nan ba. Na ja Baba gefe na tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Ya ce ya yi shekara biyu yana lura da direbobin nan, Jamiluddeen ne kaɗai bai taɓa gani ya danna wa tsohuwa ko saniya hon ba, kuma hanyar nan mai haƙuri take so.

Ranar tafiya Jamiluddeen ne ya tuƙa, Baba yana gefensa, ni ina baya. Muka wuce Kagoro. Sai ni, uwar dabara, na kawo shawarar da har yau in na tuna kunya take kama ni. Na ce, "Baba, me zai hana mu ce musu sunansa James? Ya cire hular nan kawai. In sun saba da shi, daga baya a faɗa musu."

Baba bai ko juyo ba. Ya ce, "Sista, shekara takwas ban yi wa mutanen nan ƙarya ko ɗaya ba. Shi ya sa suke fitowa. Ranar da suka gane James yana salla, ke ma ba za su sake ba ki hannun yaro ba."

Jamiluddeen ya rage gudu, ya ce, "Baba, in abin zai zama fitina a canza ni. 'Ya'yana huɗu. Mu ma an ƙona mana shago a rikicin baya, na san yadda zuciya take."

"Shi ya sa na ɗauko ka. Tuƙa."

Gungumen yana nan a kan gada. Muka kashe mota muka sauka. Baba yana gaba da hula a hannu, Jamiluddeen yana biye da akwatin sanyi a kafaɗa, ni ina baya da katuna, ƙafafuna suna nutsewa a taɓo. Ganyen citta ya yi kore shar hagu da dama. Tun kafin mu kai aka hango Baba, kafin mu isa ƙofar majami'a gari ya taru, har da samari da sanduna a hannu. Ya gaida dagaci, ya gaida tsofaffi ɗaya ɗaya, bai yi gaggawa ba. Sannan ya tsaya a tsakiya.

"Ranka ya daɗe, iyaye na mata, magana biyu na kawo. Na farko, na zo roƙon gafara don abin da ya faru a wata na bakwai. Laifin mu ne. Na biyu, yau ne zuwa na na ƙarshe da mota. Na tsufa, ido na ba ya ganin rami kamar da." Wuri ya ɗauki gunaguni, ya jira ya lafa. "Wanda zai riƙa zuwa muku daga yau, ga shi nan. Sunansa Jamiluddeen. Musulmi ne, yana salla. Ba ofis ne ya zaɓe shi ba, ni ne."

Wani saurayi ya faɗi wata kalma da harshensu, na san ma'anarta, ba kuma zan rubuta ta ba. Jamiluddeen yana tsaye bai sauke akwatin ba, gumi yana bin wuyansa. Sai Mama Tamar ta taso daga cikin mata. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma in ta miƙe har dagaci gyara zama yake yi.

"Gershon, ka san abin da ka kawo mana?"

"Na sani, Mama."

"Ka san inda miji na yake kwance."

"Ni na kawo siminti na kabarin, Mama."

"To idan wannan ya nuna wa wasu hanya fa?"

Baba ya ce, "Gida na yana Kagoro, bayan makarantar firamare, mai shuɗin ƙofa. Mata na yana ciki, da jikoki na bakwai. Ba inda zan tashi in je. Idan wani abu ya same ku ta hannun mutumin nan, ku zo can ku ƙwanƙwasa, za ku same ni."

Sannan ta juya ga Jamiluddeen. "Kai, ba ka da baki?"

"Ina da shi, Mama."

"Kana jin tsoro?"

"Ina ji, Mama."

"Mu ma muna ji."

Daga haka ta juya ta shige bayan gidanta. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya ce mu zauna. Na ce a raina shi ke nan, na uku ya tafi, yaran nan sai yadda Allah ya yi da su. Can sai ga ta ta dawo, zakara a hammata, wuƙa tsirara a hannun dama, ta nufo Jamiluddeen kai tsaye. Katunan hannuna suka zube a taɓo. Da ta iso gabansa sai ta juya wuƙar, ta riƙe bakin, ta miƙa masa ƙotar.

"Ajiye akwatin nan ka yanka. Abin da muka yanka ba za ka ci ba, na sani. A da in Kirsimeti ya zo, naku muke kira su yanka mana akuya don kowa ya ci. Shekara takwas ba mu ba wani naku wuƙa a garin nan ba. Amma mutum ba zai riƙa zuwa mana kowane wata ya koma da yunwa ba."

Jamiluddeen ya karɓi wuƙar. Ta daka wa saurayin nan mai baƙar magana tsawa ta ce ya zo ya riƙe ƙafafun zakaran, ya zo yana cin magani ya riƙe. Jamiluddeen ya fuskanci gabas ya yi bisimilla ya yanka. Kafin a gama fige zakaran, surukar Mama Tamar ta zo da hannunta a ɗaure, ta juya mini baya ta ce in kwance goyon da kaina. Ita ce ta farko a layi. Yara arba'in da uku muka yi wa allura ranar, kuma Jamiluddeen ne ya koma gada shi kaɗai ya shigo da mota a giya ɗaya, samarin da suka ɗauke gungumen suna tafiya a gefensa. Na nemi Baba in yi masa barka, na same shi zaune a gindin mangwaro ya rufe fuska da hula. Na ɗauka barci yake yi, sai na ga kafaɗunsa suna motsi, na koma bakin aikina.

Baba Gershon, baban masu allura, na gode. Na gode a madadin yaran da ba za su taɓa sanin cewa saura ƙiris a soke sunan garinsu ba. Na gode da ka hana ni yin ƙaryar da na so in yi. Ka shekara ashirin da tara kana jiran mutane a mota, ba ka taɓa jin an kira sunanka a taron da ake raba yabo ba, kuma na san in aka karanta maka wannan za ka ce Sista ta cika surutu. To na cika, ka yi haƙuri da ni kamar yadda ka saba. Ubangiji ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa idanunka haske, ya bar ka ka ga auren jikokin nan bakwai.

Ku kuma masu tsara haɗa motoci, a nan da ko'ina, ku ci gaba, abu ne mai kyau, ba mai hankalin da zai so a koma zamanin mota huɗu mutum huɗu. Roƙona ɗaya ne. Kafin tsofaffin direbobinku su ajiye makulli, ku zaunar da su ku tambaye su me ya sa suke tsayawa a inda suke tsayawa, ku saurari amsar ko da ta yi kama da raha. Ku direbobi masu tasowa, ku je Kagoro ku gaishe shi, yana nan yana fama da 'yar gonar cittarsa, in kun yi sa'a zai ba ku labarin hanyoyi.

Baba, wata huɗu ke nan Jamiluddeen yana kai mu Ƙarshen Hanya shi kaɗai. Sunan garin yana nan a jeri, kuma har yau ba wanda ya zo ya ƙwanƙwasa shuɗiyar ƙofarka.